Singafo zuwa New York: kilomita nawa ne a gaskiya?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu ilimin jirage ku warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai tun jiya. Ƙanena ya tashi daga Singafo zuwa New York, jirgi ɗaya, ba ya da zango ko'ina. Da suka kusa sauka ya ɗauko mini hoton ɗan allon nan na bayan kujera, na ga tafiyar da suka yi ta haura kilomita 16,000. Ni kuma da na duba a intanet sai na ga 15,349. Wani shafin ya ce 9,537, wani ya ce 8,288. Filayen jirgi biyu ne fa, ba motsi suke yi ba. Wanne ne gaskiya?

Ɗan Taswira: Wa alaikumus salam Hajiya. Ukun da kika gani a intanet duk abu ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta. 15,349 kilomita ne. 9,537 mil ne irin na hanyar mota, wanda Amurkawa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.609. Shi kuma 8,288 mil ɗin teku ne, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa ke lissafi da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Ki ninka ki gani, duk gida ɗaya za su kai ki.

Maman Biyu: To na gane wannan. Saura na allon.

Ɗan Taswira: Na allon shi ne abin da jirgin ya taka a wannan ranar. Na intanet kuwa shi ne mafi gajartar tazarar da ke tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da filin JFK na New York. Ƙasa da haka ba ta yiwuwa, amma sama da haka kullum ana yi.

Kawu Sarkin Musu: Ni dama na daɗe ina zargin kamfanonin nan. Ka buɗe taswira ka ɗora rula daga Singafo zuwa New York, layi ne miƙaƙƙe ta kan teku. Amma ka duba hanyar da suke bi, sai ka ga sun lanƙwasa sun yi sama can wajen Japan da Alaska kamar baka. Wa ya aike su? Kewaye suke yi don su ce tafiya ta yi nisa su tsawwala wa mutane.

Tsohon Injiniya: Kawu, ranka ya daɗe, kamfanin da zai ƙona mai da gangan don ya ƙara nisa ai bai zo kasuwa da niyyar riba ba. Mai na cikin manyan abubuwan da ke cinye musu kuɗi. Rular taka ce ta yaudare ka, ko in ce taswirar da ka ɗora ta a kai.

Kawu Sarkin Musu: Yanzu kuma taswira ce maƙaryaciya? To fa.

Ɗan Taswira: Ba ƙarya take yi ba Kawu, aikin da aka yi ta dominsa ne daban. Taswirar bango da yawancinmu muka saba gani ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569, don masu tuƙa jirgin ruwa. Amfaninta shi ne in ka ja miƙaƙƙen layi a kanta, za ka iya kafa kamfas ɗinka a kusurwa ɗaya ka bi har ka isa. Sauƙin tuƙi ta ba su, ba gajeriyar hanya ba. Kuma don a shimfiɗa duniya mai siffar ƙwallo a kan takarda, dole aka ja gefen arewa da na kudu aka buɗa su. Shi ya sa za ka ga Girinlan ta yi ƙatuwa kamar za ta yi kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Ga gwajin da ba ya buƙatar kowa ya yarda da maganata. Ka samo ƙwallon yara, ka ɗiga alama biyu, ɗaya a tsakiyar cikinta, ɗaya a ɗaya gefen amma sama-sama. Ka ɗauko zare ka danne bakinsa a alama ta farko, ka ja shi tamau zuwa ta biyu. Zaren ba zai bi ta kwiɓin ƙwallon ba, ta samanta zai haye. Inda zaren ya kwanta da kansa, nan ce gajeriyar hanya. In ka kwafe wannan hanyar ka mayar kan takarda, sai ta fito a lanƙwashe kamar bakan da kake magana.

Ɗalibar Lissafi: Malam bari in sa baki, don wannan tafiyar tana da wani abin sha'awa da ba kowace ke da shi ba. Filin JFK yana digiri 40.64 arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kuma digiri 73.78 yamma. Changi yana digiri 1.36 arewa, digiri 103.99 gabas. In ka haɗa 73.78 da 103.99 za ka samu kusan 178. Saura ƙiris ya cika 180, wato garuruwan biyu kusan sun ba juna baya ne. Don haka zaren Malam kusan ta ƙololuwar arewacin duniya zai bi.

Sai lissafin ya zama na 'yan firamare. Daga New York zuwa ƙololuwar: 90 a cire 40.64, saura 49.36. Daga ƙololuwar a gangaro Singafo: 90 a cire 1.36, saura 88.64. A haɗa, digiri 138 cif. Kowane digiri kusan kilomita 111.2 ne. 138 sau 111.2 ya ba da 15,346. Hajiya kin ga tazarar da ke tsakanin wannan da 15,349 ɗinki.

Maman Biyu: Ikon Allah! Kilomita uku kacal. 'Yata, Allah ya ƙara basira. Na ɗauko biro na gwada da kaina, haka ya fito.

Tsohon Injiniya: Madalla da ɗaliba. In ƙara miki wani: mil ɗin teku asalinsa kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri. 138 sau 60, kin samu 8,280, ga shi dab da 8,288 ɗin. Abin da ya sa matuƙa suka riƙe shi ke nan, da shi taswira da awo suke magana da harshe ɗaya.

Ɗalibar Lissafi: Na gode Baba. 'Yan kilomitocin da ke saɓawa tsakanin shafi da shafi kuma, duniya ce ba ta cika mulmulalliya sak ba. Daga tsakiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙololuwa 6,357. Wani shafin yana ɗaukar matsakaici, 6,371, ya huta. Wani yana bin siffar yadda take.

Kawu Sarkin Musu: To na ji. Amma kun kama kanku da kanku. Kun ce gajeriyar hanya ta ƙanƙarar arewa take. Ƙanen Hajiya kuma ta Japan da Alaska aka bi da shi, ko ba haka ba Hajiya? Ashe dai kewayen da na faɗa yana nan.

Maman Biyu: Haka ne Kawu, a hoton layin ya bi ta gefen Japan, ya haye teku, ya shigo ta Kanada.

Tsohon Injiniya: A nan kam Kawu ka taɓo gaskiya, kewaye ne. Sai dai dalilin ba wanda ka zata ba ne. Mai tsara hanyar jirgi ba kilomita yake ƙirgawa ba, minti da litar mai yake ƙirgawa. A can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda manyan jirage ke tafiya, akwai wata iska mai gudu kamar kogi, daga yamma take kwararowa zuwa gabas. Gudunta yakan wuce kilomita 200 a awa, da hunturu ma ta fi haka ƙarfi. Jirgin kansa yana yin kusan 900 a awa a cikin iska. In kogin nan yana bayanka, gudunka a kan ƙasa ya haura 1,000. In kuwa ka tunkare shi gaba da gaba, ka koma 700 da wani abu, kana ƙona mai ɗaya. Wanda ya taɓa tuƙa keke iska na dukan ƙirjinsa ya san zancen.

Saboda haka daga Singafo sukan nufi gabas ta kan Fasifik, iska na tura su. Abin da zai ba ka mamaki, a komowa daga New York ma sau da yawa gabas ɗin suke sake nufa: su haye Atlantika, su ratsa Turai, su gangaro ta Asiya. Ka ga jirgi ya je ya dawo bai taɓa juyowa ba, ya zagaye duniya ke nan. Ya ƙara kilomita dubu ko fiye, amma ya rage lokaci.

Mai Yawon Duniya: Wannan gaskiya ne, na gani da idona a wata hanyar. New York zuwa Landan kusan kilomita 5,540 ne, zuwa da dawowa duk ɗaya. Amma zuwa Landan awa bakwai ne ko ƙasa da haka, komawa New York kuma sai ka doshi takwas. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Ba injin aka canza masa ba, iska ce ta ɗauke shi.

Autan Zaure: Yayyena ni fa a tunanina juyawar duniya ce ke kawo bambancin. Tunda tana juyawa, in jirgi ya tashi sai garin da za shi ya taho ya tarye shi.

Ɗalibar Lissafi: Auta, da haka ne da tafiya yamma ce za ta fi sauri, don duniya gabas take juyawa, garuruwan yamma ne za su taho gare ka. Ga shi kuwa akasin haka ake gani. A ikwaita ƙasa tana gudun kusan kilomita 1,670 a awa, amma iskar da ke kanta tare suke tafiya, jirgin ma da wannan gudun ya tashi. Ka yi tsalle a cikin jirgin ƙasa yana gudu, inda ka tashi nan za ka dira.

Tsohon Injiniya: Sai dai kada a kore shi gaba ɗaya. Juyawar duniya tana da hannu, amma ta bayan gida: ita da bambancin zafi tsakanin ikwaita da yankunan ƙanƙara su ne suka haifi wancan kogin iskar, suka kuma sa ya fuskanci gabas. Auta ka ci rabin maki.

Autan Zaure: Na karɓa Baba, da babu gara ba daɗi.

Mai Yawon Duniya: Akwai kuma abin da ba iska ba, ba lissafi ba. Sama ma tana da masu ita. Zaren da Malam ya ja, in ya gangaro daga ƙanƙara ta kan Saberiya zai bi, wato Rasha. Tun 2022 da yaƙin Yukren ya ɓarke, jiragen Amurka da Kanada da yawancin na Turai ba sa ratsa samaniyar Rasha, wasu kamfanonin ma da ba a hana ba sun ƙaurace mata. Finnair, kamfanin jiragen ƙasar Finland, na cikin waɗanda abin ya fi duka, don a kan gajeriyar hanyar Asiya ya gina kasuwancinsa. Helsinki zuwa Tokyo da take awa tara da 'yan mintuna ta koma kusan 13. Garuruwan suna inda suke, lambar da ke intanet ba ta canza ba, amma fasinja ya ƙara awa huɗu a kujera.

Tsohon Injiniya: Ga kuma dokar jirage masu inji biyu. Ba a barin jirgi ya yi nisa da filin da zai iya saukar gaggawa fiye da mintunan da aka amince masa, ko da inji ɗaya ya mutu. A da minti 60 ne kawai, shi ya sa masu inji uku da huɗu suka riƙe manyan tekuna shekara da shekaru. Yanzu jirgin Airbus A350 an amince masa har minti 370. Duk da haka mai tsara hanya sai ya jera filayen da za a iya faɗawa, ya duba yanayin kowanne, kafin ya ja layinsa.

Kawu Sarkin Musu: To ni tambayata ɗaya. Awa 18 zuwa 19 mutum na ƙunshe a cikin gwangwani, don me? A tsaya a hanya mana a sha iska a ƙara mai. Gaggawa ai ba ta haifar da ɗa mai ido.

Mai Yawon Duniya: Kawu a nan ina bayanka, rabi. Na taɓa yin awa 14 a zaune, da muka sauka takalmina ya ƙi shiga ƙafa, sai a hannu na riƙo shi har wajen duba fasfo. Tun daga nan in tafiya ta wuce awa goma na fi son a raba mini ita biyu. Amma na kuma ɗanɗani ɗaya gefen. Wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya taɓa makarar da mu awa biyu a tashin farko, muka iso jirgi na biyu ya rufe ƙofa muna hango shi ta gilashi. A kan benci na kwana, jakata kuma sai bayan kwana uku ta biyo ni. Wanda ya sha irin wannan, in ka ce masa awa 18 a jere ba sauka, hannu biyu zai karɓa.

Tsohon Injiniya: Ta fuskar mai kuwa Kawu ya fi kowa gaskiya a zauren nan yau. Jirgin dogon zango yana ƙona mai ne don ya ɗauki mai. Litar da zai yi amfani da ita a awa ta 17, sai ya yi dakonta awa 16, kuma dakon ma mai yake ci. Wannan ne ya taɓa kashe hanyar. Singapore Airlines ya buɗe Singafo zuwa Newark, kusa da New York, a 2004 da A340-500 mai inji huɗu. Daga baya suka mayar da kujerun duka na manya, guda 100 kacal. Mai ya yi tsada, lissafi ya ƙi fita, suka rufe a 2013. Sai a Oktoban 2018 suka dawo da A350-900ULR mai inji biyu, tankinsa na cin lita 165,000. Ko shi ɗin kujera 161 kawai aka sa masa, 67 na manya, 94 na tsaka-tsaki, babu ƙaramar kujera ko ɗaya, alhali irinsa na yau da kullum yana kwashe mutum 250 zuwa 300 da wani abu. Nauyin da aka rage na mutane, mai ne ya maye gurbinsa. Matuƙa ma huɗu ake sawa, biyu na aiki biyu na barci, ana karɓa-karɓa.

Maman Biyu: Baba ka ce Newark, ni kuma JFK ƙanena ya sauka. Ba ɗaya ba ne?

Ɗan Taswira: Filaye biyu ne Hajiya. Newark yana jihar New Jersey, JFK yana cikin New York, tsakaninsu kilomita 30 da 'yan kai. Na JFK a Nuwamban 2020 aka fara shi. Abin dariyar shi ne daga Singafo, Newark 15,344 ne, JFK 15,349. Da kilomita biyar ya ƙwace kambun hanyar da ta fi kowace tsawo.

Autan Zaure: Tsakaninsu 30 da wani abu amma bambancin biyar? Yaya aka yi?

Ɗalibar Lissafi: Don ta arewa ake aunowa, Auta. Nisan da ke tsakaninsu yawancinsa gabas da yamma ne, wannan kuwa bai dami zaren da ya sauko daga sama ba. Abin da ya dame shi, wa ya fi kusa da arewa. Newark yana 40.69, JFK yana 40.64. Bambancin 0.05 na digiri, ka ninka da 111, ka ga biyar ɗin da rabi.

Autan Zaure: Kai! Yaya, ke dai a bar ki da lissafi.

Mai Yawon Duniya: Masu bi musu a tsawo ma ba su da nisa sosai. Doha zuwa Auckland na Qatar Airways, wanda aka fara a 2017, kilomita 14,535. Perth zuwa Landan na Qantas, kamfanin jiragen Ostareliya, tun Maris ɗin 2018, kilomita 14,499 da Boeing 787, kusan awa 17. Qantas ɗin kuma ya ƙwallafa rai a kan Sydney zuwa Landan, kusan kilomita 17,000, har ya yi odar A350-1000 na musamman saboda ita. A 2019 sun yi gwaji da mutane kaɗan a ciki, Landan zuwa Sydney awa 19 da minti 19.

Kawu Sarkin Musu: Wato abin ba shi da iyaka ke nan. Bana 15,000, baɗi 17,000, wata rana mu ji 30,000.

Ɗan Taswira: Yana da iyaka Kawu, duniyar ce ta yanka ta. Kewayenta a ikwaita kilomita 40,075 ne. Duk wurare biyu da ka zaɓa a doron ƙasa, tazararsu ba za ta wuce rabin wannan ba, wato 20,000 da 'yan kai. In ka wuce haka ka fara dawowa ta baya. Sifaniya da New Zealand kusan haka suke, ƙafa da ƙafa. A irin wannan wurin zare ma ruɗewa yake, duk inda ka ja shi tsawon ɗaya ne.

Kawu Sarkin Musu: To ni na taɓa karanta jirgin da ya yi sama da 21,000 bai sauka ba. Ko shi ma taswira ce?

Tsohon Injiniya: Ka karanta daidai. Nuwamban 2005 ne, Boeing 777-200LR, daga Hong Kong zuwa Landan, kilomita 21,601 cikin awa 22 da minti 42. Amma da gangan suka bi ta baya, suka haye Fasifik, suka ratsa Amurka, suka haye Atlantika, don su nuna abin da jirgin zai iya. Ta hanyar da aka saba, Hong Kong da Landan ba su kai 10,000 ba. Wannan kam kewaye ne na gaske, irin wanda kake nema tun ɗazu.

Kawu Sarkin Musu: Alhamdu lillahi, ashe dai ana kewayen. A rubuta cewa na faɗa.

Maman Biyu: An rubuta Kawu. Wani abu kuma da ya ruɗa mu a gida: ya tashi da rana, ya kwashe awa 18 a sama, ya kira ni ya ce ya sauka da yammacin ranar da ya tashi. Na ce ko dai gajiya ce ta juya masa kai.

Mai Yawon Duniya: Lafiyarsa ƙalau Hajiya. Singafo tana gaban New York da awa 12, in Amurka ta mayar da agogonta na hunturu ya zama 13. Ki cire 12 daga 18, a agogon bango tafiyar awa shida ya yi. A komowa zai biya bashin, 18 a tara da 12, agogo zai nuna masa ya yi awa 30. Duk mai zuwa tarbarsa ya dubi kwanan watan da ke jikin tikiti da kyau, ba ƙarfe nawa kawai ba.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Mako mai zuwa zai koma. Na ce masa ya ɗauko mini hoton allon sau uku, bayan tashi, tsakiyar tafiya, da dab da sauka, mu ga ko ta Turai za a bi da shi kamar yadda Baba ya ce.

Kawu Sarkin Musu: Ni ma na aiki yaro ya ɗauko mini ƙwallon jikana. Zaren ne ban samu ba, igiyar cajar waya za ta yi?

Ɗan Taswira: Za ta yi Kawu, ka dai ja ta tamau, kada ka bar ta ta yi ciki.